Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnonin Arewa: Wa Ke Da Ikon Cewa A Yi Shiru?

Zuwa ga Ƙungiyar Gwamnonin Jihohin Arewa 19,
ta hannun Mai Girma Shugaban Ƙungiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni tsohon ma'aikacin gidan rediyo ne. Na shiga aikin tun ana yanka tef da reza a liƙe da salatif, na bar shi a zamanin da yaro ɗan shekara 15 ke tara masu sauraro da wayar hannunsa fiye da waɗanda muke tarawa da dogon ƙarfen tasha. Yanzu ba ni da makirufo, sai tabarma a ƙofar gida da 'yar rediyo a gefe. Na faɗi haka ne don ku san mai maganar ba baƙon harkar ba ne, kuma shi ma yana da nasa kashin a gindi, zan zo kansa.

Bari in fara da abin da na san ba za ku yi musu da ni ba a kansa: baki yana yanka wuya. Ranar Juma'a 8 ga Fabrairun 2013 'yan bindiga suka shiga wuraren rigakafin shan inna guda biyu a Kano suka harbe mutum 9, akasarinsu mata, masu neman abin sa wa a bakin salati. 'Yan kwanaki kafin nan, shirin Sandar Girma na gidan rediyon Wazobia ya sake tono tsohon zargin nan cewa rigakafin makirci ne. An gurfanar da 'yan jarida biyu da wani malami, hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin kuma ta janye lasisin tashar. Ban ce shirin ne ya ɗana kunamar bindiga ba. Kuma tsoron da Kanawa ke yi wa maganin Bature yana da tushe, don ba a manta da 1996 ba, shekarar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya shafi yara 200, 11 suka rasu. Amma duk wanda ya taɓa zama a bayan makirufo, a daren nan sai da ya tambayi kansa me ya taɓa bari ya fita ta hannunsa. Kafin wannan akwai Nuwambar 2002, da wata marubuciya a jaridar ThisDay ta saki maganar rashin ladabi ga Fiyayyen Halitta (SAW) a kan gasar sarauniyar kyau. Jaridar ta ba da haƙuri ba sau ɗaya ba, amma sama da mutum 200 sun mutu a Kaduna, Musulmi da Kirista, galibinsu ko bangon jaridar ba su taɓa gani ba.

Saboda haka ba ni cikin masu cewa kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Magana zarar bunu ce. Tsarin Mulkin 1999 ma bai ce haka ba. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini, har da na yin wa'azi da koyarwa. Sashe na 39 ya ba da 'yancin faɗin albarkacin baki da na kafa kafar yaɗa labarai. Sai sashe na 45 ya zo ya ce ana iya taƙaita waɗannan saboda tsaro, zaman lafiya, tarbiyya, lafiyar jama'a, ko kare haƙƙin wasu. Na lura duk sanda aka tashi rufe bakin wani, wannan sashen ake karantowa, amma a tsaya a rabi. Ragowar rabin cewa ya yi sai ta hanyar doka, kuma dokar da hankali zai ɗauka a ƙasar da ake mulkin dimokuraɗiyya. Doka ya ce, wato abin da majalisa ta zartar, aka rubuta, kowa ya sani tun kafin ya buɗe baki, alƙali kuma shi zai auna. Bai ce ɓacin ran gwamna ba. Bai ce ihun 'yan kasuwa ba.

To a nan ne nake da ƙorafi a kanku. Iyaka akwai ta, amma kun ɗauke ta daga inda take kun kafa ta a ƙofar gidan gwamnati. Mutum ya taɓa ku, kafin la'asar an kama shi. Mutum ya ƙona ɗan'adam da rai, shekara ta zagayo ana cewa ana bincike.

A watan Oktoban 2022 gwamnatin Zamfara ta ba da umarnin rufe NTA Gusau da Pride FM da Gamji da Al'umma TV, laifinsu sun ɗauki taron jam'iyyar adawa alhali an hana tarukan siyasa. Biyu daga cikinsu ma na Gwamnatin Tarayya ne. NBC ta fito ta ce jiha ba ta da wannan hurumin, gwamnatin ta dawo tana ba da haƙuri. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗan takarar da aka rufe tashoshin saboda taronsa, shi ya ci zaɓen 2023, kuma yanzu yana cikin waɗanda nake rubuta wa wannan takarda. Duniya rawar 'yan mata ce. Duk makullin da kuka ƙera yau, wanda zai gaje ku zai tarar da shi a aljihun tebur.

A damunar 2025 Gwamnan Neja ya tsaya a taron jam'iyya ya ce a rufe Badeggi FM ta Minna, a ƙwace lasisinta, a binciki mai ita, bisa zargin tana tunzura jama'a. Ministan Yaɗa Labarai, ɗan jiharsa kuma ɗan jam'iyyarsa, shi ya tunatar cewa lasisi aikin NBC ne. In tashar ta tunzura jama'a, ai duk abin da ya fita iska akwai naɗinsa. A ɗauko shi, a ce ga rana, ga minti, ga abin da aka faɗa, a kai gaban hukuma ko kotu. Mu da muka yi aikin mun san wannan bai fi aikin yini guda ba. Wanda ke da hujja ba ya buƙatar kwaɗo da sarƙa.

A Kano kuwa, watan Mayun 2025 aka sanar da hana shirye-shiryen siyasa na kai tsaye, kuma wai duk baƙon da zai shiga sai ya sa hannu cewa ba zai yi zagi ba. Na fahimci abin da ya kawo hakan, domin ni ma ina kashe rediyo idan jikokina na kusa. Amma gwamnati mai ci ita ce ɓangare ɗaya a rigimar da ake yi a waɗannan shirye-shiryen. Ba a ba ɗan dambe alƙalancin damben da yake ciki. Gwamnatin da ta gabace ta kuma a zamaninta ne, Nuwambar 2022, kotun majistare ta yanke wa wasu samari biyu 'yan TikTok bulala ashirin-ashirin da tara da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda barkwancin da suka yi da gwamna. Daga kamu zuwa bulala ba a yi wata guda ba. Ku riƙe wannan saurin a zuciya, zan dawo kansa. Jar hula da mara jar hula, kowa ya hau sai ya tarar bakin mutane ya yi masa yawa.

Ba kuma wanke NBC nake yi ba. Ita ta dakatar da shirin Idon Mikiya na Vision FM a farkon 2022, ita ta ci Trust TV tarar Naira miliyan 5 a watan Agustan shekarar saboda rahoton bincike a kan 'yan bindigar daji, kamar rahoton ne ya sace mutane, har Babbar Kotun Tarayya ta ce mata a Mayun 2023 ba ta da ikon zama mai ƙara kuma alƙali. Wannan wasiƙar Abuja ce, in da rai zan rubuta ta daban.

Yawancin rufe baki ma ba ya fitowa a jarida. Wata rana ina bakin aiki, saura minti goma a saka hirar da muka yi da wani likita a kan amai da gudawa da ya ɓarke a wasu ƙauyuka, sai waya ta shigo ofishin shugabanmu daga wani babba. Ba a yi faɗa ba, ba a yi barazana ba. Cewa aka yi a yi haƙuri, ana jiran baƙi daga waje, kada a tayar da hankalin jama'a. Muka cire hirar muka sa kiɗan kalangu na rabin awa. A cikin hirar nan likitan ya yi bayanin yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, da cewa a tafasa ruwan rijiya. Har yau idan na ji kalangu a rediyo da tsakar rana sai gabana ya faɗi.

Yanzu ga ɗaya gefen, kuma ina roƙon ku karanta shi da haƙuri, don na san wuri ne da 'yan siyasa ke taka shi kamar ƙaya.

Ni Musulmi ne. Mutuncin Annabi (SAW) ya fi mini na uwata da ubana, kuma ba na neman afuwar kowa a kan haka. Amma a zauren da na yi karatu, da duk zauren da na sani, abin da aka koya mana shi ne hukunci na hukuma ne. Sai an kai ƙara, an kawo shaidu, an ji ta bakin wanda ake tuhuma, an duba hankalinsa, an duba lafazin da abin da yake nufi. Babu babin da ya ce idan wani ya ɗaga murya a kasuwa ya ce wane ya yi ɓatanci, sai a nemo taya da fetur. Ƙuna da wuta ma an hana ta ko ga wanda laifinsa ya tabbata.

A watan Yunin 2016 aka kashe wata dattijuwa Kirista 'yar kasuwa mai shekara 74 a Ƙofar Wambai ta Kano bisa zargin ɓatanci. An kama mutum biyar, kafin ƙarshen shekara an sallame su bisa shawarar ma'aikatar shari'a cewa babu tuhumar da za su amsa. To wa ya kashe ta? Ranar 12 ga Mayun 2022 aka jefe wata Kirista ɗalibar Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato bisa irin wannan zargi aka ƙona gawarta, ana ɗauka da waya, wani ma yana nuna ashana yana alfahari. Majalisar Sarkin Musulmi ta yi Allah wadai. Mutum biyu aka gurfanar, ba kuma da laifin kisa ba, da haɗa baki da tayar da tarzoma, daga bisani aka sallame su saboda masu gabatar da ƙara sun daina zuwa kotu. A dai wannan watan aka kama wata ma'aikaciyar lafiya a Jihar Bauchi saboda ta tura bidiyon da ke sukar kisan a wani zauren WhatsApp. Ta yi sama da wata 18 a tsare kafin a ba da belinta, sai a Disambar 2024 kotu ta wanke ta. Ku auna da kanku: wadda ta tura saƙo ta fi waɗanda suka ɗauki dutse daɗewa a kurkuku.

Wanda ke ganin abin na Kirista ne kawai, ya tuna mahaucin da aka kashe a mayankar Sakkwato a Yunin 2023. Musulmi ne, mai salla, mai iyali, gardama ce ta haɗa shi da abokan sana'a. Sannan a ƙarshen Agustan 2025, wata guda bayan umarnin rufe Badeggi FM, a wannan jiha ta Neja, aka ƙona wata mai sayar da abinci a Kasuwan Garba. Tashar da ake zargi da tunzura jama'a an san inda ƙofarta take cikin awa guda. Ina ma a ce an nuna irin wannan zafin naman a kan waɗanda suka kunna wutar.

Na san ana takaddama a kan ita kanta dokar ɓatanci. Kotun ECOWAS ta ce a Afrilun 2025 sassan dokar Kano sun saɓa wa yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan'adam, Kano ta ce ba ta yarda ba, shari'ar mawaƙin nan da aka yanke wa hukunci a 2020 kuma ta kai Kotun Ƙoli. Wannan fage ne na malamai da lauyoyi da 'yan majalisa, kuma za a daɗe ana yi. Amma ku duba shari'ar Abduljabbar Kabara, malamin Kano da aka tuhuma da ɓatanci. An yi muƙabala a Yulin 2021, an kai shi kotu, ya samu lauyoyi, an saurare shi sama da shekara, an yanke hukunci a Disambar 2022, ƙofar ɗaukaka ƙara kuma a buɗe. Wani ya ji daɗin hukuncin, wani bai ji ba, amma ba a ƙona gari ba. Jihar da ke da kotunan Shari'a tun 2000 ita ce ta fi kowa rashin uzuri idan aka yi hukunci a titi. Duk sanda kuka bar masu wannan aika-aika suka tafi gida, kun gaya wa duk mai bashin da ba ya son biya, da duk ɗan kasuwar da ke ƙyashin rumfar maƙwabcinsa, cewa akwai kalma ɗaya da zai furta a gama masa aiki.

A watan azumin 2025 aka tare mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo, suna hanyar dawowa gida salla, wani ya yi ihun masu garkuwa da mutane ne, aka ƙone su. Dukanmu mun yi kuka. Kun fitar da sanarwa, Gwamnan Edo ya tako har Kano ta'aziyya, muka ce sai an hukunta kowa. Daidai ne. Amma taya ɗaya ce, fetur ɗaya ne, ihu ne kawai ya bambanta. Laifi tudu ne. Da wane baki za mu nemi a bi wa mafarautanmu haƙƙi alhali fayil ɗin Ƙofar Wambai na kwance ƙura ta rufe shi?

Sai batun lasisin wa'azi, da ke dawowa kamar zazzaɓin damuna. Na san asalinsa. Ina saurayi aka yi Maitatsine a Disambar 1980, aka rasa sama da mutum 4,000 a Kano, aka sake yi a Bulunkutu da Jimeta da Gombe. Daga nan dokokin tantance masu wa'azi suka fito, irin ta Kaduna ta 1984. Da aka tashi sabunta ta a 2016, Musulmi da Kirista suka haɗu a kan ƙin ta, abin da ba kasafai ake gani a Kaduna ba, har Babbar Kotun Jihar ta ce a 2019 tilasta wa mai wa'azi lasisi ya saɓa wa Tsarin Mulki. A 2025 Neja ta dawo da zancen, har da cewa a kawo huɗuba a duba kafin a hau mumbari.

Ranku ya daɗe, ku da kuke zuwa Hubbare ziyara, ku tuna Magami. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai ranar babbar salla ya yi musu kyauta. Shehu Usmanu ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi abu biyar a madadinta. Na farko a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah a ƙasar, na biyu kada a hana duk wanda ya so amsa kiran. Sauran su ne a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Wanda ya zo ya soke shi ne Nafata: kada kowa ya yi wa'azi sai Shehu shi kaɗai, kada wanda bai gaji Musulunci ba ya shige shi, a cire rawani da mayafi. Shi ma Nafata tsaro yake nema, yana ganin jama'a na taruwa a Degel fiye da fada. Abin da ya biyo baya shi ne hijira zuwa Gudu a 1804, sauran kuma kun san shi. Daular da muke tinƙaho da ita, buƙatarta ta farko 'yancin wa'azi ce. Duk gwamnan da ya ce a kawo masa huɗuba ya sa hannu, ya dubi wanda yake kwaikwayo a cikin labarin nan.

Kuma lasisi ba ya kama wanda ake nufi da shi. Muhammad Yusuf, jagoran Boko Haram, a bainar jama'a ya yi shekaru yana wa'azi a Maiduguri, kaset ɗinsa a kasuwa. Ba ƙarancin takarda ne ya bar shi ba, an kama shi an sake ba sau ɗaya ba. Da aka tashi, sai aka kashe shi a hannun 'yan sanda a Yulin 2009 ba tare da shari'a ba, kuma har yau muna biyan kuɗin wannan ganganci. Waɗanda suka tunkare shi da hujja tun da wuri malamai ne, irin su Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka harbe yana limancin asuba a Ɗorayi a Afrilun 2007. Malami mai faɗar gaskiya shi ne zai tsaya layin karɓar lasisi, shi ne kuma za a hana ranar da ya taɓa batun albashi ko kwangila. Mai kiran a ɗau makami yana da waya da data, bai san hanyar ofishinku ba. Abin da ya dace shi ne a bar kowa ya faɗa, wanda ya kira a zubar da jini ko ya halatta dukiyar wani a kama shi da naɗin muryarsa a kai shi kotu, ko malamin gidan gwamnati ne. Haka nan koken Hausawa Kirista, waɗanda kakanninsu a nan aka binne su, cewa takardar filin coci na gagarar su, shi ma a ƙarƙashin sashe na 38 yake, kuma sa hannun gwamna yake jira. Mun ji daɗi da Kotun Ƙoli ta tabbatar wa 'ya'yanmu hijabi a makarantun Legas a 2022. Da wannan sashen aka ci shari'ar.

Kusan kowanenku yana da hoton Malam Aminu Kano a wani bango. 'Yan NEPU da aka kafa a 1950, me aka riƙa ɗaure su a kai a kotunan En'e? Zagin sarki, taro ba izini, tayar da fitina. Hajiya Gambo Sawaba sau 16 aka ɗaure ta, aka yi mata bulala, aka kore ta daga Kano. Tuhumar da aka yi musu ita ce ake yi wa yaran Facebook yau, sunan kotun ne ya sauya. Tun 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Arthur Nwankwo da ya soki Gwamna Jim Nwobodo, ta ce dokar tunzura jama'a a kan gwamnati ta zamanin Turawa ba ta da gurbi a ƙasa mai 'yanci, mai mulkin da aka ɓata wa suna ya je ya shigar da ƙara kamar kowa. Ghana ta soke ɗauri a kan ɓata suna tun 2001 kuma ba ta rushe ba. Mu har yanzu sashe na 391 da 392 na kundin Penal Code na nan, ana kwana da mutane a ofishin 'yan sanda da su, kuma gyaransu a hannun majalisun jihohinku yake.

Na ce zan zo kan nawa laifin. Wata shekara ana gab da zaɓe, wani sojan baka ya sayi minti 15 a tasharmu. Ni ke kan na'ura. Ya fara da jam'iyya, ya gangaro kan wata baiwar Allah da ke neman kansila, ya shiga aurenta, ya shiga fitarta, ya faɗi abin da ba zan maimaita ba. Yatsana na kan maɓallin da zai yanke shi. Ban danna ba, saboda an riga an karɓi kuɗin, mu kuma muna bin albashin wata uku. Bayan mako guda yayanta ya zo tashar. Bai ɗaga murya ba. Ya ce yana so ne kawai ya ga wanda ke bakin aiki a daren, ya gaya masa 'yarta ta daina zuwa Islamiyya saboda abin da yara ke ce mata. Na dube shi na ce ba ni ba ne.

Wannan matar ita ce dokar ɓata suna ta kamata ta kare, ba mai jiniya da 'yan sanda a ƙofa ba. Ba ta da lauya, ba ta da kwamishinan da zai kira taron manema labarai. Shi kuwa sojan bakan, ba daga aljihunsa ya biya minti 15 ɗin ba. Wa ke biyan sojojin baka, ranku ya daɗe? Ku ne da abokan hamayyarku. Wasu har takardar naɗi ake ba su ta mataimaki na musamman, a ba su mota. Idan da gaske zagi ne ya dame ku, ba sai kun hana shirin kai tsaye ba. Ku rufe famfon, ku ga ko za a kai wata biyu ana jin su.

Abin da nake roƙo ba ya cin kasafin kuɗi. Ku yi alkawari a bainar jama'a cewa babu gwamnan da zai sake aika 'yan sanda su rufe tasha, mai ƙorafi ya kai NBC ko kotu. Ku aika wa majalisunku ƙudurin cire ɗauri da bulala daga laifin ɓata suna, a mai da shi ƙarar diyya da janye magana a inda aka faɗe ta, a kuma sauƙaƙa hanyar yadda mace irin waccan za ta samu hukunci cikin makonni. Gidajen rediyon jiha da harajin kowa ake biyan su, ku bar ɗan adawa ya shiga ya yi magana ya fita lafiya. Ku ajiye zancen duba huɗuba.

Na ƙarshe shi ne mafi nauyi. In kun haɗu a Gidan Sir Kashim Ibrahim a zamanku na gaba, ku ce kowane Kwamishinan Shari'a ya zo da fayil ɗin duk wanda taron jama'a ya kashe a jiharsa tun daga 2016, ko da sunan ɓatanci, ko sata, ko maita. Na Ƙofar Wambai, na Sakkwato guda biyu, na Kasuwan Garba, da waɗanda ba su shiga jarida ba. Shari'ar kisan kai ba ta tsufa a dokar ƙasar nan, sallamar da aka yi don mai gabatar da ƙara bai zo ba kuma ba wankewa ba ce. A wasu daga ciki fuskokin na nan a bidiyo, bidiyon kuma na nan a wayoyin mutane har yau, har da na ma'aikatanku.

Allah ya taya ku riƙo, ya ba mu lafiya da zaman lafiya.

Naku,
Tsohon ma'aikacin rediyo,
Kano.